Jan Zare a Rigar Orry

Asabar, da hantsi

Baƙin tseren babura na shekara-shekara sun fara isowa. Jirgin ruwan safe ya sauke su a Douglas, babban garin tsibirinmu, ga su nan suna ta wucewa ta bakin titinmu, babur bayan babur, har kofuna na rawa a kan kanta. Mama ta buɗe famfo ta bar ruwa yana zuba, ba kuma abin da take wankewa. Yayana Orry ya ƙure ƙarar talabijin a ɗakinsa. Labulensa bai buɗu ba tun bara. Baba ya goge rigarsa mai ruwan lemo ta masu tsaron hanyar tsere, ya rataye a bayan ƙofa don kada Mama ta gani, sai ka ce ba ita ke share bayan ƙofar ba.

Bana har makarantarmu aka ba baƙi, don otal-otal sun cika, gidajen mutane ma sun cika. Mama ce za ta riƙa yi musu karin kumallo a kicin ɗin makaranta, ni kuma in ɗauki faranti. Mun je mun duba. An fitar da teburanmu an jibge a baranda, ƙafafunsu a sama. Ajin lissafi ya koma gadaje jere. A daidai inda nake zama, wani har ya shanya safarsa.

Ɗakin zane dai a kulle yake. Na murɗa hannun ƙofar na tabbatar.

Lahadi, bayan abincin rana

Aikina yana cikin ɗakin zanen, a bangon da ke kallon ƙofa. Ya kamata mai duba jarrabawa ta zo ta gan shi tun makon jiya, amma ba ta samu wuri a jirgi ba, masu babura sun cinye. Sai Litinin ɗin bayan tsere. Kafin nan doka ta ce kada hannun kowa ya taɓa shi, har nawa. In ya samu babban maki, kwalejin zane ta tsallaken ruwa za ta ɗauke ni. In bai samu ba, shi ke nan. Haka suka rubuto mini, cikin ladabi.

Malama Cregeen, malamarmu ta zane, ta ce, “Breeshey, kwantar da hankalinki. Makulli ɗaya ne, yana hannun Mista Faragher mai kula da gini, shi kuwa ko matarsa bai yarda da ita ba.” Ta ba wasu ’yan Italiya hayar gidanta ta tafi Wales wajen ’yar’uwarta, kamar kowace shekara. Ta ce ba ta iya jure ƙarar.

Aikin nawa rigar fata ta Orry ce, mai haɗe da wando. Wadda suka yanke masa da almakashi a bakin hanya, ranar da ya faɗi a tsere. Da aka kawo ta daga asibiti Mama ta jefa a shara, na ɗauko. Na shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle mai kauri, na bi duk inda almakashi ya bi da jan zare. Hunturu guda ina ɗinki, fata ba ta son allura. Ƙafar hagu ba ta kai ƙasa ba, ban kuma ƙara mata komai ba. Sunansa na nan a jiki, da lambarsa. Daga ƙasa akwai ɗan kati mai ɗauke da ranar da abin ya faru, da lambata ta jarrabawa, don ba a sa suna. Sauran duk fari ne, fari mai yawa. Malama ta daɗe a tsaye a gabansa, sannan ta ce farin wurin shi ne aikin. Ban taɓa jin wani ya faɗi abin da ke cikina haka ba.

A gida ba wanda ya sani. Ba ɓoyewa na yi ba. Ba a tambaye ni ba ne.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

An rufe hanya don gwajin tsere. Gidanmu yana cikin zagayen, ba fita sai an buɗe. Rediyon maƙwabta yana ta ihun sunaye, can sai ya yi ɗif, aka sa kiɗa. Kowa a tsibirin nan ya san abin da kiɗan yake nufi: wani abu ya faru a kan hanya. Mama ta tsaya da wuƙa a hannu a kan albasa. Talabijin ɗin Orry ma ya yi shiru.

Daga baya aka ce mai ne ya zube a kan titi. Mama ta ci gaba da yanka albasar.

Laraba, da safe

A kulle yake.

Laraba, da magariba

Ruwa tun azahar. Baba ya dawo sharkaf, ya ce filin da masu tanti ke kwana ya zama tafki, katifu na iyo. Yana faɗa yana dariya. Ya ce ko ta yaya dai sai an samo wa bayin Allah inda za su kwanta, ba a barin baƙo a ruwa.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

A buɗe yake.

Na taho da kwandon burodi na ga ƙofar a wangale, an tokare ta da hular kwano. Gadaje har gindin bango. Jiƙaƙƙun takalma a kan teburin da muke haɗa fenti. Warin mai da jiƙaƙƙiyar fata. Aikina yana nan, ba abin da ya same shi, amma wani ƙato ya kwana a ƙarƙashinsa, tafin ƙafarsa kusa da katin.

Na sami Mista Faragher yana shan shayi a ɗakinsa. Na shirya maganar tun daga baranda, da na shiga rabinta ta gudu.

Ya ce, “’Yar nan, Jamusawa ne fa ruwa ya koro. In bar su a waje saboda hoto? Ai ba cinye shi za su yi ba.”

Na ce ba hoto ba ne.

“To ko ma mene ne. Ki ɗauke abinki mana.”

Na ce an hana ni taɓawa.

“Ke an hana ki taɓawa, ni an hana ni rufewa. Kin ga mun yi daidai. Akwai sauran bandar kifi a kicin?”

Na kira Malama. Wayarta a kashe.

Juma’a, da hantsi

Akwai kyandir a ƙarƙashinsa. Da gwangwanin giya da ba a buɗe ba. Da furen ƙaya mai ruwan ɗorawa da wani ya tsinko a bakin hanya ya sa a kofin wanke burushi.

Sai da na daɗe ina kallo kafin na gane. Yankakkiyar riga, suna, lamba, rana. Haka ake yi a duk kwanar da ta ci wani: a kafa allo, masu wucewa su ajiye abin da suke da shi. Sun ga abin da suka saba gani.

Ƙaton nan ya taso. Sunansa Hartmut, gemunsa fari har ƙirji, ya ce shekara da shekaru yana zuwa Tsibirin Man, bai taɓa ganin an karrama yaro da kyau haka ba. Ya tambaye ni ko na san shi.

Na ce, “Yayana ne.”

Niyyata in ci gaba. Wallahi niyyata ke nan. In ce yana gida, yana kallon talabijin, don Allah kada ku taɓa, jarrabawa ce. Amma duk ɗakin ya yi tsit, maza manya suka miƙe suna cire huluna. Hartmut ya dafa kaina da hannunsa mai nauyi yana cewa, “Ƙanwa, ƙanwa, ba sai kin yi magana ba. Mun sani.” Idonsa ya kawo ruwa.

Na ajiye musu burodi na fita.

Asabar, da yamma

Sitika. A kusurwar sama ta dama, ta wata ƙungiyar babura, da hoton kerkeci. Ɗaya ce kawai. In aka bi a hankali da farce za ta ɗagu. Amma an hana ni taɓawa.

Na rubuta takarda da babban rubutu, KADA A TAƁA, na manna a bango daga gefe. Na ji wani yana gaya wa abokinsa ai gaskiya ne, rigar ba a taɓa ta, a jikin ƙyallen ake rubutu.

Lahadi, kafin abincin rana

Sun yi rubutu.

Da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki: baƙa, shuɗiya, har da ja. Da Jamusanci, da Faransanci, da wani harshen da ban sani ba. Na Turancin na iya karantawa. Ka huta lafiya, ɗan’uwa. Ka ci gaba da gudu a can. Wani ya zana babur mai fukafukai. Labari ya fita, yanzu har waɗanda ba a makarantar suke kwana ba suna zuwa. Sukan tsaya a gadar aljanu su gaishe su don neman nasara, kamar yadda aka saba a nan, su rataye ’yan takardunsu a bishiya, daga nan sai ɗakin zane. Mista Faragher ya sa kibiya a baranda don kada su ɓata.

Ba mugaye ba ne. Na so a ce mugaye ne. Suna ba ni hanya in na zo wucewa, suna karɓar faranti da hannu biyu. Wata mata ta sa mini cakulan a aljihun riga.

Mama ba ta taɓa wuce kicin ba. Ta ce, “Me ya sa mutanen nan suke kallonki kamar marainiya?” Na ce ban sani ba.

Wayar Malama har yanzu a kashe.

Litinin, da asuba

Sauran fari kamar faɗin tafin hannu, kusa da ƙafar hagu. Ina jin kunyar wurin suke ji.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ina fere dankali sai na ji ƙofar ɗakin Orry ta buɗe. Ba lokacin banɗaki ba ne, ba lokacin abinci ba. Na ji sandunansa a kan katako, ƙwas, ƙwas, har kicin. Ya tsaya a bakin ƙofa da gajeren wando, gashi duk a cukurkuɗe, waya a hannu.

Ya ce, “Mama, ashe na mutu?”

Mama ta ce, “Orry, kada ka fara.”

“Ba ni na fara ba. Ga shi nan, kowa na turawa. Na mutu, kuma a gidan nan an rasa mai gaya mini. Ko shayi ba a rage mini ba.” Ya juya mata wayar.

Mama ta kalla, ta kalla, sannan ta zauna a kan kujera. Ta ce, “Na jefar da rigar nan. Da hannuna na jefar.”

Orry ya ƙara girman hoton da yatsu. Ya dube ni. “Uwar shiru. Wannan ɗinkin na san shi. Haka kika ɗinke mini jakar makaranta, kamar mai ɗaure buhu.”

Na ce jarrabawata ce. Na ce sun lalata mini. Na faɗa a fili, da muryata, karo na farko. Ban san ko sun ji ba, don a daidai lokacin Orry ya fashe da dariya. Ya jingina da ƙofa yana yi har sanda ɗaya ta faɗi. Rabon da a ji wannan dariyar a gidanmu tun kafin abin. Mama ta rufe baki tana kuka, tana kallonsa, ba ni ba.

Ya ce, “Gobe ki kai ni ta’aziyyata.”

Laraba, da la’asar

Yau shekara guda, a lissafin makon tsere. Laraba ce ma waccan.

Babu tsere yau, hanya a buɗe. Baba ya kai mu a mota. Orry ya yi aski, ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu ya kama da fil. A hanya na sake gwadawa. Na ce, “Baba, in mun je ka gaya musu su daina rubutu.” Ya ce, “To, to, ’yar Baba,” idonsa na kan madubi yana kallon Orry.

Ɗakin cike yake. Orry ya kutsa da sanduna har gaba, ya tsaya yana karantawa. Hartmut ya ga ƙafar, ya matsa masa cikin girmamawa, ya ce, “Kai ma ka san shi?”

Orry ya ce, “Sosai. Ɗan iska ne. Ba ya rage wuta a kwana.”

Fuskar Hartmut ta haɗe. Wani saurayi a baya ya ce a fitar da wannan mutumin. Orry ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki gwangwanin giyar nan na ƙarƙashin kyandir, ya fasa, ya kurɓa. Ya ce, “Tawa ce ai. Kun bar ta ta yi zafi.”

Baba ne ya yi ihu daga bakin ƙofa: “Ɗana ne! Shi ne Orry ɗin! Ga shi nan da ransa!”

Ban san yadda zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Hartmut ya zauna a ƙasa daɓas yana kuka kamar yaro. Suka ɗaga Orry sama, sanduna da komai. Suna ta kiran lambarsa. Wani ya ce wa Baba ya kamata a ce an faɗa musu, Baba ya ce ai yarinyar ba ta magana, aka yi dariya, aka shafa kaina. Aka miƙa wa Orry maka.

Na ce, “Orry, don Allah.”

Ya ce, “Me?”

Na nuna masa wurin. Ɗan farin da ya rage.

Ya ce, “Na gani, nan zan sa.” Ya rubuta a ciki, da manyan baƙaƙe: BAN TAFI BA TUKUNA. Ya sa hannu.

Suka yi tafi.

Alhamis, da safe

Labulensa a buɗe. Ya ci ƙwai, ya nemi ƙari.

Alhamis, da yamma

Wani abokin Hartmut yana da babur mai kwando a gefe, irin na mutum biyu. Sun zo sun ɗauki Orry sun zaga da shi ta kan dutse. Ya dawo kumatunsa ja, yana magana ba tsayawa. Wai na cikin kwandon ba ya bukatar ƙafa biyu, hannu ne da ƙarfin zuciya. Wai akwai wanda ya taɓa yi. Baba yana ta gyaɗa kai. Mama ta tashi ta buɗe famfo.

Da na zo wucewa Baba ya riƙe hannuna ya ce, “Kin san abin da kika yi? Likitoci sun kasa, mu mun kasa. Ke kika dawo mana da shi.”

Na ce to.

Asabar, da hantsi

Suna tafiya. Jirgi bayan jirgi. Hartmut ya nemi a ba shi aikin ya rataye a gidan ƙungiyarsu, Mista Faragher ya ce sai bayan Litinin. Ashe ya san da Litinin ɗin.

An mayar da teburanmu. An bar safar.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Malama Cregeen ta dawo jiya, fatarta ta sha rana. Ta shiga ɗakin zane kafin ni. Da na iso na same ta a zaune a kan tebur, jakarta a cinya. Ta ce, “Me ya sa ba ki kira ni ba?” Na ce na kira. Ta duba wayarta, ta mayar cikin jaka.

Mai duba jarrabawar mace ce mai kirki, da tabarau a rataye a wuya. Ta daɗe tana kallo. Ta karanta rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya, har ta yi murmushi a kan na Orry. Ta ce abin yana taɓa zuciya ƙwarai. Ta tambaye ni ko ni na shirya baƙi su yi rubutun, a matsayin wani ɓangare na aikin.

Malama ta kalle ni. Na gane kallon. So take in ce e.

Na ce a’a. Na ce ni fari na bari.

Matar ta cire tabarau. Ta ce to ba za ta iya ba da maki a kan abin da hannaye da yawa suka taɓa ba, kuma farin da nake magana ba ta gan shi ba. Za ta duba zane-zanen da na yi na shiri, ta ba da abin da ya samu. Ta ce in rubuta ƙorafi, wani lokaci ana dubawa. Na tambaye ta ko abin da ya samu ɗin zai kai. Ta ce ɗinkina yana da tsabta sosai.

A baranda Malama ta ce, “Kalma ɗaya ce fa, Breeshey.”

Na sani. Kullum kalma ɗaya ce.

Talata, da yamma

An kawo shi gida a bayan motar Baba. Yana jingine a falo. Maƙwabta na shigowa kallo. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi da matar jiya. Mama ta tambaya, amma tana tsakiyar neman makullin mota, na ce sai sakamako ya fito, ta ce Allah ya sa a dace.

Laraba, bayan abincin dare

Orry ya ƙwanƙwasa ƙofata. Bai taɓa yi ba, da can faɗowa yake yi kawai. Ya zauna a bakin gadona ya jingine sanduna. Ya ce ya ji abin da ya faru, bai ji daɗi ba, mutanen jarrabawa ba su san komai ba. Ya ce ai ga kwalejin Douglas, ba sai na haye ruwa ba, Mama ma za ta fi samun kwanciyar hankali. Yana ta murza gefen bargona.

Sannan ya ce, “Uwar shiru, rigar nan fa. Na duba ta, fatar ba abin da ta yi. Ƙyallen su Hartmut za a aika wa, shi suke so. In kika warware ta daga jiki, kika haɗa inda aka yanka, za ta yi mini gwaji kafin in samu sabuwa. Ƙafar hagun ki rufe ta daga gwiwa. Tun da kin iya.”

Na dube shi. Idonsa yana haske kamar da.

Na ce sai na ga ko ina da zare.

Alhamis, da safe

Na duba akwatin ɗinki. Ja ne kawai ya rage.